Nauyin layi ɗaya

Shekarun baya na yi jinyar yayana a Chennai, can kudancin Indiya, kusan wata biyu. Duk wanda ya taɓa jinya a ƙasar da ba ya jin yarenta ya san yadda dare ke yin tsawo. Masaukinmu yana wani lungu ne a bayan asibitin, kuma da na idar da sallar asuba barci ba ya komawa, sai in tsaya a bakin taga. A gidan da ke kallon namu akwai wata dattijuwa. Kullum kafin gari ya gama wayewa za ta fito da bokiti, ta yayyafa ruwa a ƙofar gida, ta share, sannan ta sunkuya da 'yar tasa a hannun hagu. Garin shinkafa ne a ciki. Sai ta ɗebo da yatsu biyu ta jera ɗige-ɗige sahu-sahu, sannan ta saki garin yana zuba siriri kamar zare. Layin ya kewaye wannan ɗigo, ya ratsa tsakanin waɗancan biyu, ya lanƙwasa, ya dawo, har ya je ya haɗu da inda ya faro. Ba ta gogewa, ba ta gyarawa. Cikin minti biyar ta miƙe ta shige gida. Kafin azahar mai kawo madara ya taka, babur ya bi ta kai, tururuwa sun kwashi rabonsu. Gobe da asuba ta sake sabo.

Kolam suke kiran wannan zane, kuma da shi mata masu ɗimbin yawa a jihar Tamil Nadu suke buɗe ranarsu. A aƙidarsu ta Hindu marhabin ce ga albarka ta shigo gida, garin kuma sadaka ne ga tururuwa da tsuntsaye. Aƙidar ba tawa ba ce. Amma ni da ke tsaye a taga zuciya cike da fargabar abin da likita zai faɗa, abin da idona ya kama shi ne hannun da ba ya gaggawa kuma ba ya shakka. Duk safiyar da na kalle ta har ta gama, nakan shiga asibiti numfashina a daidai. Daga baya na karanta cewa a shekarun 1970 wasu malaman lissafi a Madras Christian College sun zauna sun yi nazarin ƙa'idojin da waɗannan layuka ke bi. Ban yi mamaki ba.

Daga tagar nan na fara bibiyar masu zanen Indiya na zamani da suka zaɓi su yi magana da layi kaɗan, kuma yau ina da ra'ayi a kansu da nake son in kare. Mutum iri biyu ne ke zaluntar aikinsu. Akwai wanda zai kalla ya ce, "Wannan ai ɗana na aji uku ma zai yi." Akwai kuma wanda ya fi shi wayo, a ganina ya fi shi ɓarna: dillalin da zai turara aikin da kalmar "ruhi" da "asirin Gabas" har hayaƙin ya rufe mutumin da ya yi shi da wahalar da ya sha. Dukansu babu wanda ya tsaya ya duba.

Na farkon ina yi masa uzuri, don ni ma daga can na taso. Indiyar da muka sani tun zamanin iyayenmu a gidajen silima na Kano da Kaduna da Jos ta launi ce da rawa da kiɗa da taron jama'a. Ko a namu adon idonmu ya saba da cika: babbar riga sai an cika ta da aiki, ɗakin amarya sai jere ya kai rufi. Wanda ya taso haka, in ka miƙa masa farar takarda da siraran layuka baƙaƙe, dole ya tambaye ka ina sauran.

Nasreen Mohamedi ce ta amsa mini wannan tambaya. An haife ta a Karachi a 1937, iyayenta suka koma Bombay, wadda yau ake kira Mumbai, tana ƙarama. Ta yi karatun zane a Landan daga 1954 zuwa 1957, ta zauna a Bahrain inda danginta ke kasuwanci, ta ƙaro ilimi a Paris. Daga 1972 ta zama malama a tsangayar zane ta jami'ar Baroda a jihar Gujarat, kuma a nan ta ci gaba da koyarwa har rasuwarta a 1990. Da fenti da launi ta fara kamar kowa. Sannu a hankali ta ajiye su, ta koma tawada da fensir da takarda, da irin alƙaluma da rular masu zana taswirar gini. Yawancin ayyukanta ba ta raɗa musu suna ba, ko kwanan wata ba ta sa ba.

In ka ga hoton aikinta a waya za ka rantse takardar littafin lissafi ce. Sai ka buɗa hoton ka matso. Layukan ba iri ɗaya ba ne: wannan baƙi ƙirin, na kusa da shi ya ɗan dushe, na gaba siriri kamar gashin jariri. Tazarar da ke tsakaninsu tana matsewa tana buɗewa, har takardar ta zama kamar ƙirjin mai barci. A ayyukanta na baya-bayan nan kafin ta rasu layukan sun daina kwanciya, sun karkace, sun taso daga kusurwa guda kamar tarin tsuntsaye sun ɗaga lokaci ɗaya. Kuma ba daga iska ta ɗebo su ba. Tana da kyamara, ta ɗauki hotunan zaren da aka ja a masaƙa, da layukan tsallaka titi, da tudun rairayi a hamada, da farfajiyar Fatehpur Sikri, birnin da sarki Akbar ya gina a ƙarni na 16. Ba ta taɓa baje kolin hotunan nan ba tana raye. Da aka fito da su bayan rasuwarta ne aka ga ashe duk layin da ke takardarta akwai inda idonta ya fara cin karo da shi a duniya, sai ta yi ta tace shi tana zubar da dusa har ya rage tsabar.

Wata rana na ce bari in gwada maganar masu cewa yaro zai yi. Na samo takarda mai kauri da rula da biro mai siririn baki, na ƙudura zan ja layi arba'in a jere, tazararsu ɗaya. Goma na farko suka tafi lafiya. Ina kan na goma sha bakwai wayata ta yi ƙara a aljihu. Ban ɗauka ba, ban ma duba ba, tunanina ne kawai ya leƙa can ya dawo. Sai ga layin ya yi ɗan ciki a tsakiya, tawada ta taru a inda hannu ya yi jinkiri. Mai fenti in ya yi kuskure zai iya shafa wani launi ya rufe. A nan babu maɓoya. Duk inda hankali ya gushe takarda ta rubuta shi, kuma layuka goma sha shida da suka gabata sun tafi a banza, sai dai a ɗauko sabuwar takarda.

To, ƙara da wannan. A shekarun ƙarshe na rayuwarta Nasreen na fama da ciwon jijiyoyi mai sa jiki fizga da karkarwa, irin wanda ke ƙaruwa ba ya raguwa. A cikin wannan hali ta ja layukan da suka fi duk na baya daidaito. Ta rasu tana da shekara 53. Wanda ya taɓa riƙe wa majinyaci kofi saboda hannunsa ya kasa kai shi baki ya san abin da nake nufi. Ni na riƙe, shi ya sa ba na iya kallon takardar matar nan a tsaitsaye.

In aka tambaye ni ina ruhin yake a aikinta, a nan zan nuna. Masu nazarinta na ambaton tasirin adon gine-ginen Musulunci da sufanci da tafarkin Zen na mabiya Buddha a Japan, kuma ban musa ba. Amma ba sai na san wannan ba kafin in gani. Mu da muka san bambancin sallar da aka yi da kushu'i da wadda aka yi jiki na sahu zuciya na kasuwa, mun san raka'o'i na iya zama ɗaya nauyi ya bambanta. Ba cewa nake zane ibada ne ba, Allah ya kiyaye ni da haɗa su. Cewa nake tarbiyyar hankalin da ke sa mutum ya tsaya cak a kan abu ɗaya, ya kori duk wani kutse, ba baƙuwa ba ce a wurinmu, kuma a takardar Nasreen ana ganin sawunta ƙarara.

Sai da ta daɗe a kabari manyan gidajen baje koli na Turai da Amurka suka farga da ita. Reina Sofía na Madrid ya tara ayyukanta a 2015, gidan Metropolitan na New York kuma da baje kolinta ya buɗe sabon reshensa a 2016. Abin farin ciki ne. Sai dai da yabon ya zo, ya zo da mudun wasu. Aka yi ta kwatanta ta da mai zane Agnes Martin ta Amurka, aka yi ta cusa ta cikin sahun masu ƙarancin zane na New York na shekarun 1960. Su waɗancan, da yawansu burinsu su kwashe ma'ana daga cikin aiki. Ɗayansu, Frank Stella, cewa ya yi abin da ka gani shi ne kawai abin da ke wurin. Layin Indiya ba haka yake ba. Shi ɗauke yake da kaya, kuma babu wadda ta nuna haka kamar Zarina.

Zarina Hashmi, wadda da sunanta na fari kaɗai take sa hannu, sa'ar Nasreen ce: a 1937 aka haife ta a Aligarh, inda mahaifinta ke koyar da tarihi a jami'ar Musulmi ta garin. Ita kuwa lissafi ta karanta. Tana da shekara goma aka raba ƙasar Indiya gida biyu. Wani lauyan Ingila, Cyril Radcliffe, wanda bai taɓa taka Indiya ba kafin nan, aka ba shi kimanin mako biyar ya ja iyaka tsakanin Indiya da Pakistan. Ya ja. Miliyoyin mutane suka bar gidajensu, rayukan da suka salwanta kuwa har yau ba a daidaita a kan adadinsu ba. Daga baya iyalin Zarina suka koma Pakistan, ita kuma aure da aiki suka yi ta yawo da ita: Bangkok, Paris, Tokyo, a ƙarshe New York. Gidan Aligarh ya zama na wasu.

A 2001 ta sassaƙa katako ta buga hoton wannan iyaka a kan takardar da aka yi da hannu. Layi ɗaya ne tak, baƙi, mai kauri, yana gangarowa a karkace kamar tsagewar bango. Babu sunan gari, babu tuta, babu hoton gawa. A irin wannan bugu, duk inda kake son ya fito fari sai ka ƙwaƙule shi daga jikin katakon, abin da ka bari shi ke ɗaukar tawada. Ke nan ta zauna da wuƙa ta cinye ƙasashen biyu, hagu da dama, ta bar raunin kaɗai a tsaye. Wanda ya rataye wannan a falonsa ya ce yana ba shi natsuwar ruhi bai karanta shi ba.

Akwai wani aikin nata na 1999 da ya fi taɓa ni, wanda ma'anar sunansa ita ce gida ma baƙon wuri ne. Takardu 36 ne ƙanana. Kowace tana ɗauke da 'yar siffa mai sauƙi, a ƙasanta kuma kalma ɗaya ta Urdu: gida, dokin ƙofa, ƙofa, tsakar gida, bango, sama, iyaka, harshe. Ta farkon taswirar gidansu ce na Aligarh, ɗaki-ɗaki, yadda ta riƙe shi a ka. Urdu da haruffan Larabci ake rubuta shi kamar ajaminmu, don haka duk wanda ya yi makarantar allo zai iya bin wasu kalmomin da yatsa ko bai san ma'anarsu ba. Ranar da na fara ganin su na tuna gidan kakanmu da aka sayar aka rushe. Har gobe zan iya zana maka shi: zaure, soro na biyu, rijiya a hagu, turakar tsoho, rumbu a bayan ɗakin girki. Layi bakwai ko takwas ne. In na zana wa baƙo zai ga akwatuna, in na zana wa ƙanwata sai ta yi kuka.

Zarina ba ta ɓoye imaninta ba. Ta ƙera manyan carbuna da ake ratayewa a bango, ta yi ayyuka da ganyen zinariya tana nufin haske, musamman da tsufa ya zo mata. Ta rasu a Landan a 2020. Ruhin yana nan, ba ƙirƙirar dillalai ba ne. Sai dai ta hanyar rashi ya zo, ta hanyar ƙaura da kewar harshen uwa. In ka cire wannan ka bar zinariyar, ka mayar da addu'ar baƙuwa kayan adon otal.

Na san akwai mai karatu da tun ɗazu yake cewa a ransa, to ai wani abin a nan kayan Hindu ne, me ya kai Musulmi? Tambaya ce mai kyau, kuma ba zan kauce mata ba. Ɗauki Sayed Haider Raza. An haife shi a 1922 a tsakiyar Indiya, mahaifinsa ma'aikacin gandun daji ne. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu zane ta zamani a Bombay a 1947 tare da Souza da Husain, ya tafi Paris a 1950 ya yi shekara 60 a Faransa, ya dawo gida ya rasu a Delhi a 2016. Shi da kansa ya sha ba da labarin cewa yana yaro ba ya iya zama wuri ɗaya a makarantar ƙauye, sai malaminsa Nandlal Jharia ya ɗiga ɗigo a bango ya ce ya zauna ya zuba masa ido, kada ya kalli komai sai shi. Bayan kusan shekara hamsin, wajajen 1980, ɗigon nan ya dawo masa a matsayin baƙin da'ira a tsakiyar zanensa. Bindu suke ce masa, a tunanin Indiyawa na da can shi ne ƙwayar da komai ke tsirowa daga cikinta.

Matsayina a nan a fili yake. Abin da aka zana don a bauta masa ba zan rataye shi a ɗakina ba. Amma fahimtar abin da maƙwabci ke nufi da zanensa ba bauta ba ce, kuma ɗigo ba mallakar addini ɗaya ba ne. Tun ƙarni na 10 a Bagadaza Ibn Muƙla ya tsara auna tsawon haruffan Larabci da ɗigon bakin alƙalami: alif ɗigo kaza ne, sauran haruffa daga shi ake auna su. Mai zayyanar allon sauka a garuruwanmu ma da ɗigo da layi da da'ira yake cika allo, ba ya zana mai rai, kuma ba wanda ya taɓa ce masa aikinsa wofi ne. Idon da ya iya ganin kyawun zayyana ya riga ya yi rabin tafiya zuwa wurin Nasreen.

Wani abin da hayaƙin dillalai ke rufewa ke nan: Nasreen da Zarina da Raza dukansu 'ya'yan Musulmi ne. In aka dunƙule aikinsu a ƙarƙashin "ruhin Indiya" kamar ruhin nan launi ɗaya ne, an shafe masallacin Fatehpur Sikri da rubutun Urdu da carbi daga labarin. A ƙasar da a 2018 aka sauya wa birnin Allahabad suna zuwa Prayagraj, wannan shafewar ba ƙaramin abu ba ce. Su kuwa masu zanen daga rijiya ɗaya suka sha da maƙwabtansu Hindu da mabiya Buddha, kowa da gugansa, kuma aikinsu shaida ne cewa rijiyar ta kowa ce.

Kuɗi kuma sun shigo, kuma ba kaɗan ba. V. S. Gaitonde, wanda Nasreen ta ɗauka a matsayin jagora tun tana matashiya a Bombay, mutum ne mai ƙarancin magana da ya rayu a ɗan ɗaki a unguwar Nizamuddin ta Delhi, yana gama zane 'yan ƙalilan a shekara. Ya rasu a 2001. A Disambar 2013 aka yi gwanjon zanensa ɗaya a Mumbai a kan kusan dala miliyan 3.8. Ba na baƙin ciki da daraja ta zo, ko da ta makara. Abin da ke damuna shi ne abin da ke biyo bayan irin wannan farashi. Kasuwa ta gane cewa da'ira da kusurwa uku da kalmar "ruhi" suna sayuwa, sai masu kwaikwayo suka cika gari. Ko Raza kansa, da duk girman da nake ba shi, wasu ayyukansa na tsufa ina ganin maimaici ne na abin da masu saye ke nema. Ƙarancin layi yana iya zama zuhudu, yana kuma iya zama lalaci, kuma mai cewa "yaro zai yi" wani lokacin gaskiya ya faɗa.

Yadda nake rarrabewa ba shi da wuya, lokaci kawai yake ci. Nakan rufe bayanin da aka rubuta a gefe, in zauna da aikin minti goma. Na kwaikwayo a minti ɗaya ya gama faɗin duk abin da ke bakinsa, daga nan sai ido ya fara neman ƙofa. Na gaske kuwa sai a minti na biyar yake fara buɗewa: ka ga inda aka sassauta hannu da gangan, ka ga layin da aka katse kafin ya kai gefe, ka fara tambayar me ya sa. Minti goman nan su ne kuɗin shiga, kuma su ne abin da waya ta ƙwace mana, don yatsa ya saba ture hoto kafin ido ya sauka a kansa.

Yayana ya samu sauƙi, alhamdu lillahi. Ranar da za mu taso, motar da za ta kai mu filin jirgi ta iso ana idar da asuba. Muna fito da jakunkuna dattijuwar na sunkuye a ƙofarta, ta jera ɗige-ɗigenta, layin ya kai rabi. Na roƙi direban da hannu ya ɗan dakata. Yayana na zaune a baya da sandarsa tsakanin gwiwoyi, ya tambaye ni me muke jira, na nuna masa. Muka kalla tare har garin ya kewaye ɗigon ƙarshe ya koma mafarinsa. Ta karkaɗe yatsunta a bakin tasar, ta ɗago ta gan mu, ta ɗan kaɗa kai irin tasu, ta shige gida. Direban ya ja motar a hankali ya kauce wa zanen.